Cikon kwamfozit yana ɓarewa bayan wata biyu: fitila ce ko hannuna?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum manyanmu. Ina aikin haƙori a wani ƙaramin asibiti, shekarata uku. Tun da muka rage cikon amalgam (cikon haƙori na ƙarfe) muka koma farin cikon kwamfozit, wanda ake daskarar da shi da hasken fitila ta musamman, nake fama da abu guda. A wata huɗu mutum biyar sun dawo mini, duk turamen baya na cike musu. Biyu cikon ya ɓare daga gefe, uku suna kukan tsami idan sun tauna ko sun sha ruwan sanyi. Wanda na cire jiya, samansa da tauri kamar dutse, amma ƙasansa ƙarfe na kama shi kamar sabulu. Ina haskawa daƙiƙa 20, fitilar kuma tana kawo shuɗin haskenta yadda ta saba. Wallahi abin ya hana ni barci, don mutanen nan da guminsu suke biya. Ku taimaka.

Dakta Sani: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai kin riga kin ba da amsar: sama tauri, ƙasa laushi, haske ne bai kai gindi ba. Kaurin nawa kike zubawa a tashi ɗaya? Kwamfozit na yau da kullum ba ya wuce milimita 2, a haska, sannan a ɗora wani. Kogon turmi kuwa, musamman wanda ya gangara ta tsakanin haƙora, yakan kai 5 ko 6. Sinadarin da ke tayar da daskarewar a yawancinsu, kamfokwinon, ya fi kama shuɗin haske mai tsawon zango wajen nanomita 468, hasken kuma raguwa yake yi yana ratsa cikon. Shi ya sa masu gwaji ke auna taurin sama da na ƙasa, suna so na ƙasa ya kai aƙalla kashi 80 cikin ɗari na na sama. Taurin da kike ji da ƙarfe a baki ba ya gaya miki komai game da gindi.

Maman Ihsan: Dakta, gaskiya idan layi ya yi tsawo sau biyu nake cike kogon, kowane zubi zai kai milimita 3.

Dakta Sani: To nan ne farko. Idan kuma launi mai duhu ne irin A3.5, ko mai toshe haske, ki ba shi daƙiƙa 40. Akwai nau'in da aka yi don a zuba milimita 4 lokaci guda, amma sai kwalinsa ya faɗi haka.

Anti Binta: 'Yata, ni fitilar nake zargi. Ido ba ya gane fitila ta yi rauni, shuɗi shuɗi ne a wurinsa. Na taɓa yin wata shida da fitilar da bakinta ya tsage ban sani ba, har yau ina tuna fuskokin waɗanda suka dawo. Ki zare sandar gilashin ki ɗaga ta wajen taga, ki leƙa ta ɗaya bakin. Idan kin ga baƙaƙen ɗigo, zaruruwan ciki sun karye. Ki duba ko busasshen ciko ya manne a baki. Sannan batir: mu da wuta ke zuwa ta tafi, wasu fitilun ƙarfinsu na sauka idan caji ya yi ƙasa. Mafi yawan na yanzu suna ba da miliwat 1,000 ko fiye a kan murabba'in santimita, amma sai na'urar aunawa ce za ta tabbatar miki.

Idan ba ki da ita, ga gwajin da ba ya cin kuɗi sosai. Ki sami abu mai rami wanda haske ba ya ratsawa, faɗin ramin milimita 4, zurfinsa 6. Ki cika shi, ki haska ta sama yadda kika saba, ki turo cikon waje, ki kankare mai laushin da cokalin roba. Ki auna abin da ya rage, ki raba biyu. Ƙa'idar ISO 4049 ke nan, ta ƙasa da ƙasa kan irin wannan ciko, tana neman aƙalla milimita 1.5 ga launin da ba mai toshe haske ba.

Malam Nura: Ƙari kaɗan. Ki kusanto da bakin fitilar gab da cikon, a miƙe ba a karkace ba, ki riƙa kallo ta gilashin kariya mai launin lemu, kar ki kau da kai hannu ya zame. Kar ki ɗora kwamfozit a kan cikon wucin gadi mai man kanumfari, yana hana shi kamawa. Ki kuma duba ranar ƙarewar aiki, ki raba shi da zafin taga, musamman da bazara. Tsamin kuma ba lallai fitila kaɗai ba, yawu na iya shiga lokacin shafa gam ɗin da ke manna cikon da haƙori.

Maman Ihsan: Allah ya saka muku da alheri. Anti, na duba, rabin bakin fitilar busasshen ciko ne. Gwajin farko milimita 2.4 ya rage, wato 1.2. Na goge bakin, na cika caji, na sake da daƙiƙa 40, sai ga 4.6, wato 2.3. Na ɗauko rajista, akwai mutum tara da na yi wa manyan ciko a watannin nan. Gobe in sha Allah zan fara kiransu su zo in duba, wanda ke buƙatar sakewa ba zan karɓi ko kwabo ba.