Shawarwari a zaure: lura da janareto da taransfoma daga nesa ta burauza

Mai Injin Niƙa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Masana'anta ce a Kakuri, janareto biyu da taransfoma ɗaya. Me ya kamata a saya don a riƙa ganin lodi da yawan mai a burauza, har a kunna injin daga gida?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. A fara duba kwanturolar da ke jikin janareton, wato na'urar da ke sarrafa shi, kafin a kashe ko sisi. In ta kamfanin Deep Sea ce, irin DSE7320, a haɗa mata DSE890, wato akwatin da ke haɗa ta da intanet, a sa layin waya, shafinsu na WebNet zai nuna komai. In ta kamfanin ComAp ce, shafin nasu sunansa WebSupervisor.

Baba Mai Wayarin: Taransfoma kuwa mita mai Modbus take so, wato yaren da irin waɗannan na'urori ke aika bayani da shi, kamar jerin PM5000 na Schneider. Amma ku sani, yawancin matsalar daga wayar RS-485 take fitowa, wato wayar sadarwar da ke haɗa na'urorin. A sayi murɗaɗɗiya mai rufin kariya, a ja ta daga na'ura zuwa na'ura, ban da reshe. Bakin farko da na ƙarshe kowanne a sa masa rizisto mai ohm 120. Kowace mita da lambarta, gudun aika bayaninsu kuma ɗaya, misali 9600. In an gama aka ji shiru, a musanya wayoyin biyu, A da B, tukuna. Kada wayar ta bi hanya ɗaya da kebul ɗin wuta mai volt 415, karatun zai riƙa tsalle. Sannan don Allah, kada yaro ya kwance wayar CT, wato na'urar da mita ke auna lodi da ita, alhali akwai lodi, sai an haɗe bakinta biyu. Wutar da ke tashi a nan tana iya kisa.

Hajiya ta Kudenda: Baba ya gama magana. Nawa tsaro ne. Modbus ba ya tambayar kalmar sirri, duk wanda ya kai ƙofarsa ta sadarwa mai lamba 502 zai iya ba injin umarni. Kada a buɗe ta ga intanet, a bi ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro a intanet, manhajar WireGuard ta wadatar. A kuma canza kalmar sirrin da rauta, wato na'urar haɗa intanet, ta zo da ita.

Injiniya: Rautar ma daga batirin janareto za a ba ta wuta, da fis ɗinta. In ba haka ba, ana ɗauke wuta za ta mutu, daidai lokacin da ake bukatarta.

Mai Injin Niƙa: Madalla. To batun kunnawa daga gida fa?

Baba Mai Wayarin: Alhaji, a nan nake da tsauri. Kowa ya kalla, amma ikon kunnawa mutum ɗaya ko biyu. Wanda ke gida ba ya ganin makaniken da hannunsa ke cikin fanka. Duk mai taɓa injin ya mayar da kwanturola kan tsayawa, ya cire kan batir, ya sa kwaɗonsa.

Hajiya ta Kudenda: Kafin damina a sa kariyar tsawa a kan wayar sadarwar, akwatin da za a sa na'urorin kuma ya kai IP54, wato ma'aunin kariya daga ƙura da ruwa, saboda ƙurar hunturu.