Katifar da ba ta yin rami: wa ya dace, wa ya ƙone?

Uwar Amarya, Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Bikin ɗiyata ya matso, bayan sallar layya in Allah ya kai mu. Kafinta ya gama gado, saura katifa. Na zaga Babbar Kasuwar nan Maraɗi, kowane mai shago cewa yake tasa ce ta asali, alhali duk a leda suke, da yadi mai furanni, ido ba ya rarrabewa. Wanda ya taɓa saye ya ji daɗi, ko ya ƙone, don Allah ya ba mu labari.

Ɗan Bagalam:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Ni kauri aka sayar mini. Katifa ce tibgegiya, ana sauke ta daga amalanke maƙwabta suna barka. Damina ba ta zagayo ba tsakiyarta ta lotsa, ni da maiɗakina kullum a rami ɗaya muke wayar gari. Da na koma shagon sai aka ce ai ni ne mai nauyi. Babu takarda, babu garanti, sai haƙuri.

Mai ɗinkin kujeru, Sabon Gari:
Hajiya, soso abincina ne, bari in ɗan tsawaita. Kauri daban, ƙarfin soso daban. Abin da ake dubawa shi ne dansite, wato kilo nawa soson yake yi a mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi. Mai lamba 18 ko 20 na matashin kujera ne da katifar baƙo. Don kwanan manya biyu kullum, ni ba na ba da shawarar ƙasa da 28 ko 30. Lissafin ba wuya: katifa mai santimita 180 da 200, kauri 20, in lamba 30 ce za ta haura kilo 21, in 18 ce, wajen kilo 13 za ta tsaya. To ki sa yaro ya ɗaga gefe ɗaya. Wadda ta tashi sakayau kamar buhun ƙaiƙayi, bar musu kayarsu, ko da inci 14 ce. Sannan ki dafa gwiwa da ƙarfi a tsakiya, ki ɗaga: soso mai kyau nan take yake cikowa, maras kyau sai ya bar shaida. Wani abin kuma, akwai masu manna soso mai kyau siriri a sama, ƙasa kuwa tarkace. In da zif, a zuge ki gani da idonki. In babu, ki latsa gefen daga sama har ƙasa, hannunki zai ji inda ya canza.

Malamar lekol, Ali Ɗan Sofo:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai nauyi ma yana ruɗi. Tawa mutum biyu suka shigo da ita da ƙyar. Ashe an cuɗa garin alli a soson don ya yi nauyi. Daga baya in na ɗaga zanen gado sai in tarar da farin gari a kan katako, soson yana marmashewa. Yanzu in zan saya sai na murza gefen soson da yatsa.

Mai ɗinkin kujeru, Sabon Gari:
Haka ne Malama, ana yi. Shi ya sa na haɗa da gwajin gwiwa.

Direban hanyar Katsina:
Ni ta Ɗan Isa da Jibiya nake shigo wa mutane da ita, kuma rigimar da na fi gani ta awo ce. Can Nijeriya da ƙafa suke aunawa, mu nan Nijar da santimita. Wadda suke kira shida da shida kusan 183 ce kowane gefe. In kafintanki ya yi gado 180 da 200, faɗin zai matse, tsawon kuma ya bar giɓi wajen ƙafa. Ki auna cikin gadon da mita, ki rubuta, kafin ki fita gida. Sunan kamfani da ke jikin yadi kuwa kada ya ɗauke miki hankali, tela ma yana iya ɗinka shi. Ki nemi dilan kamfanin, ya ba ki takardar garanti mai hatimi da kwanan wata.

Tsohon ma'aikaci, Burja:
Da ciwon baya ya matsa mini, yara suka sayo mai tauri ɗin nan, ta guntayen soso da aka matse. Bayan ya lafa, kafaɗa da ƙugu suka ɗauka. Sai da aka ɗora siririn soso mai laushi a kai na samu barci. Ga amarya da ango, matsakaiciya ta isa.

Inna, Tibiri:
Ku dai da sosonku. Watan Afrilu in zafi ya kankama, wuta ta ɗauke, wa ke iya kwana a kansa? Ta auduga nake ja tsakar gida. In ta kwanta a kwance ɗinkin, a shanya, a buge, a mayar. Amma na san ɗiyar yanzu ba za ta yarda a kai mata ita ɗaki ba, dangin miji su yi ta magana. Abin da zan ce, ki hana ta barin ledar a jiki wai don kada ta yi datti. Zufa ba ta samun wurin fita, ga ƙara duk juyi. Ta cire, shimfiɗar roba kuwa sai in an samu ƙaruwa. Kuma ta riƙa juya ta, kai ya koma ƙafa.

Uwar Amarya, Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na auna gadon yanzu, 180 da 190 ne. Malam mai kujeru, ranar Litinin in na biyo ta Sabon Gari za ka iya raka ni ka dafa min gwiwar? Tawa ba ta lanƙwasuwa.