Muhawara: Ta Ina Ƙatuwar Tururuwa Ta Bi Tsakanin Turai da Amurka?

Malama: Jama'a, ga maganar da na ce zan kawo. A 2011 Bruce Archibald da abokan bincikensa suka bayyana wata sarauniyar tururuwa da jikinta ya zauna a cikin dutse a jihar Wyoming ta Amurka. Tsawonta santimita 5, shekarunta kusan miliyan 49 da rabi, suka sa mata suna Titanomyrma lubei. Danginta na kusa kuwa a Jamus aka tono su, a ramin Messel kusa da Darmstadt. Ra'ayinsu shi ne ta ƙasa ta tsallaka, ta can ƙuryar arewa inda Girinlan ta haɗa nahiyoyin biyu, kuma ba ta samu wucewa ba sai a ɗan lokacin da duniya ta yi wani zafi na musamman. Ni dai hujjar ta gamsar da ni. Wa ke da ja?

Injiniya: Ni ne, ranki ya daɗe. Sarauniyar tururuwa fikafikai gare ta, da su take fita neman wurin kafa sabon gida. Me zai sa a gina mata gada? A watan Oktoba na 1988 farar hamada ta tashi daga Afirka ta Yamma, iska ta kwashe ta har tsibiran Karibiyan, tafiyar kusan kilomita 5,000 a kan ruwa. An kuma tsinci malam-buɗe-littafi a gaɓar Giyana ta Faransa a 2013, daga baya bincike ya nuna tekun Atlantika ya ƙetaro. Ƙwaro mai tashi ba ya jiran ƙasa ta haɗe.

Ɗan Auta: Santimita 5? Wannan ai ba tururuwa ba ce, bala'i ne.

Likita: Auta, har yau akwai irinta. Sarauniyar wata kwarkwasa ta dazuzzukan tsakiyar Afirka takan kai wannan tsawon. A nan ma hujjar zafin ta samo tushe. Da su Archibald suka duba inda manyan tururuwa suke a yau, sai suka ga kusan dukkansu a ƙasashe masu zafi suke. Wyoming da Messel na wancan zamani su ma wurare ne masu ɗumi, da kadoji da itatuwan dangin dabino.

Malama: Injiniya, misalanka gaskiya ne, amma fara da malam-buɗe-littafi matafiya ne tun asali, jikinsu na doguwar tafiya ne. Sarauniyar tururuwa takan tashi sau ɗaya a rayuwarta, ta yi barbara, ta sauka, ta karya fikafikanta ta shiga ƙasa. Mai nauyi irin wannan, ga ciki cike da ƙwai, ba ta da abin kwanaki a sama. Sannan ka tambayi kanka, ina farar da ta sauka a Karibiyan? Ba ta kafa zuriya a can ba. Isa wuri daban, zama daban.

Injiniya: To na ji. Amma ina da wani dalilin da ya sa nake ɗari-ɗari da duk maganar gada. Kafin a yarda nahiyoyi suna motsi, masana sun mayar da gada maganin kowace cuta. Da zarar an ga dabba iri ɗaya a nahiyoyi biyu, sai a zana gada a taswira, a ce ta nutse. Hermann von Ihering ya zana guda tsakanin Afirka da Barazil, ya kira ta Archhelenis. Alfred Wegener ya zo a 1912 ya ce nahiyoyin ne suka rabu, aka yi masa dariya, sai a shekarun 1960 aka gane shi ne da gaskiya. Waɗancan gadoji duk ba a taɓa yin su ba. Me ya raba taku da tasu?

Alhaji: Tambaya ta yi kyau. Malama, a ba shi amsa.

Malama: Abin da ya raba su shi ne tasu a takarda take, wannan kuwa ƙasan teku ne ya ba da shaidarta. Arewacin Atlantika shi ne ɓangaren da ya buɗe a ƙarshe. Girinlan ba ta fara rabuwa da Turai ba sai wajen shekaru miliyan 55 da suka wuce, kuma aman wutar da ya raka rabuwar ya bar tudu a ƙarƙashin ruwa wanda har yau ya miƙe daga Girinlan, ya bi ta Aisilan da tsibiran Faro, ya nufi Sikotilan. Akwai kuma wata hanyar da ta fi wannan arewa, ta wajen tsibiran Sibalbad da ke arewa da ƙasar Norway. Ka bar ƙwari ma tukuna. A farkon zamanin Iyosin, wato zamanin da ya fara wajen shekaru miliyan 56 da suka wuce, dabbobi masu shayarwa na Turai da na Amurka ta Arewa sun yi kama ƙwarai, har da kakannin doki masu ƙaramin jiki. Ga kuma Gastornis, ƙaton tsuntsu da tsayinsa ya kusa mita 2, ba ya tashi ko kaɗan, amma an samu ƙasusuwansa a Faransa da Wyoming, har da tsibirin Elesmiya na arewacin Kanada. Shi kuma wace iska ce ta ɗauke shi?

Ɗan Auta: Injiniya, an kai ka ƙasa.

Injiniya: Da sauran magana, yaro. Gada na yarda da ita, ba don tururuwa ba, don wannan tsuntsun. Inda nake ja yanzu shi ne batun cewa sai da zafi na musamman ƙofa ta buɗe. A tsibirin Elesmiya ɗin da Malama ta ambata, Mary Dawson da tawagarta sun tono kadoji da kunkuru a shekarun 1970. Wurin da kada ya zauna, ya hayayyafa, me zai gagari tururuwa?

Likita: Kada yana iya kwanciya a ruwa ya jira sanyi ya wuce. Kuma kada ka manta da duhu. Ko a wancan lokaci tsibirin yana can arewa sosai, watanni ake yi ba a ga rana ba. Dajin yana da ɗumi idan aka kwatanta da yau, amma matsakaicin zafin shekara bai kai na Wyoming ba. Shi ya sa su Archibald suka koma ga lokutan da zafi ya yi tsalle. Mafi girmansu ya faru shekaru miliyan 56 da suka wuce, iskar kabon ta cika sama, zafin duniya ya ƙaru da digiri 5 zuwa 8, abin ya ɗauki kimanin shekaru 200,000 kafin ya lafa. Wasu ƙanana sun biyo baya. A lissafin tarihin ƙasa wannan ɗan lokaci ne, amma ya ishi tururuwa ta riƙa matsawa gida bayan gida har ta ƙetare.

Alhaji: Likita, kun tsaya a 2011, alhali magana ta ci gaba. A 2023 shi Archibald ɗin da kansa, tare da Rolf Mathewes da Arvid Aase, sun bayyana wata Titanomyrma da aka samu kusa da garin Princeton a lardin British Columbia na Kanada. Wurin a zamanin Iyosin tudu ne mai sanyi-sanyi, irin wanda tsohon ra'ayin ya ce ba za ta iya zama ba. Ga ta nan kuma ta zauna.

Injiniya: Allah ya saka, Alhaji. Magana ta ƙare.

Alhaji: Kada ka yi saurin murna. Dutsen ya matse ta ya karkatar da surarta, kamar hoton da aka ja ta gefe ɗaya. Idan ta tsawo aka matse ta, asalinta ƙatuwa ce ta santimita 5. Idan ta faɗi ne, ba ta wuce santimita 3 da ɗoriya ba. In ƙatuwa ce, to waɗannan tururuwa sun fi jure sanyi fiye da yadda aka zata, kuma za su iya wucewa ko da yaushe gada na nan, kai ka ci. In ƙarama ce, ana iya cewa sanyi ne ya rage mata girma, manyan kuwa har yanzu sai da zafi, Malama ta ci.

Malama: Akwai hanya ta uku da nake ganin ta fi ƙarfi yanzu. Mai yiwuwa ba matsakaicin zafin shekara ne ya dame su ba, tsananin hunturu ne. Tuddan British Columbia na lokacin ba su da zafi sosai, amma ƙanƙara ba ta cika kama su ba, har dangin dabino sun tsira a can. Idan abin da tururuwar ke gudu shi ne ƙasa ta daskare mata gida, to ƙofar arewa ta daɗe a buɗe fiye da yadda aka ce a 2011.

Ɗan Auta: Ni tambayata ɗaya. Kowa yana cewa ta tsallaka. Daga ina zuwa ina?

Likita: Auta ya taɓo inda kowa ya kauce. Ta Wyoming ta girmi ta Messel, wadda shekarunta ke wajen miliyan 47, amma wannan ba ya nuna daga Amurka ta fito. Abin da ya nuna kawai shi ne inda aka samu tafki mai laka mai laushi da ya iya adana jikin ƙwaro. Ku dubi ƙudan tsando. Yau kusan a Afirka kaɗai yake, amma an tono shi a Florissant ta jihar Kolorado, mai shekaru miliyan 34. Wanda ya dogara da taswirar yau zai rantse bai taɓa barin Afirka ba.

Injiniya: Kuma ba wanda ya ambaci gadar Berin. Ita ma a lokacin ƙasa ce tsakanin Asiya da Alaska. Idan gobe aka tono Titanomyrma a Sin ko Saiberiya, hanyar Girinlan za ta samu kishiya.

Malama: A tono tukuna. Abin da ke hannu yanzu Jamus ne da Wyoming da British Columbia, sai fikafikan danginta na Formicium daga kudancin Ingila da jihar Tenesi. In ka cire ta Princeton, duk ta wajen Atlantika suka fi kusa.

Injiniya: Ita ta Princeton ɗin da kike son cirewa ai ita ce ta fi kusa da Alaska. Alhaji, shekarunta nawa? In ta girmi ta Wyoming ina da sabuwar magana.