Yara a kujerar alƙalai: wa ya taɓa gwadawa a laburaren makarantarsa?

Malamar laburare, Angwan Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Zango mai zuwa ina so 'yan aji biyar da shida su zaɓi gwarzon littafi da kansu, irin yadda makarantun Amurka ke kwaikwayon lambar Newbery da ta Caldecott, lambobin yabo na littattafan yara, kafin a sanar da na gaskiya a watan Janairu. Littattafanmu dai ba su cika kabad biyu ba. Wanda ya taɓa yi, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

Malamin Turanci, Bukur:
Wa alaikumus salam, Malama. Mu ba mu je da nisa ba, gasar adabi ta kamfanin iskar gas na Najeriya, NLNG, muka bi. Zagayawa take yi tsakanin zube, waƙa, wasan kwaikwayo da littattafan yara, kuma a 2024 ta faɗo kan na yara. Da na ce musu kyautar dala 100,000 ce, ajin ya yi tsit, har wani ya tambaye ni keke Napep nawa za ta saya. Wahalar samo littattafai ukun ƙarshe ce. Na zaga kasuwar Terminus ta Jos ban samu ba, sai ƙanwata ta aiko kwafi ɗai-ɗai daga Abuja. Yara arba'in, littafi uku! Dole na riƙa karanta musu babi guda bayan tara, kullum. Da aka sanar a Oktoba, ba namu ne ya ci ba. Mako guda suna ƙorafin an yi musu maguɗi.

Anti mai aji huɗu, Rikkos:
Maguɗi ai a wajenmu aka yi shi na gaske. Kwalin Indomie na huda ya zama akwatin zaɓe, ashe wani yaro ya raba alewa a bayan aji don a zaɓi littafin da yake so. Littafin ya lashe, amma da na tambayi biyar cikin waɗanda suka zaɓe shi sunan jarumin, ko ɗaya bai sani ba. Saura kuma bango suka bi, mai hoton zaki. Laifina ne, na ɗauka ƙuri'a ita ce aikin.

Karo na biyu na canza tsari. Ba ka jefa ƙuri'a sai ka kawo kati mai lambar shafi da abin da ya burge ka ko ya ba ka haushi a wurin. Nan fa aka ga cacar baki. Wata yarinya da ko gaisuwa da ƙyar take amsawa ta miƙe, ta buɗe shafi na 23, ta ce: "Anti, a nan ya ce uwar ta tafi kasuwa, to wa ya dafa abincin da suke ci a shafi na 24?" Sai da na duba, wallahi da gaskiyarta. Tun ranar suke ce mata Alƙaliya.

Tsohon hedimasta, Gangare:
'Yata, ki sa na Hausa a ciki, kada ki bar su da Turanci zalla. Abin ba baƙonmu ba ne: gasar da Bature Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da ƙagaggun labaranmu na farko. Yaron da ke in'ina a Turanci, ki ba shi na Hausa ki ji baki. Sannan ki tanadi gurbin "babu wanda ya cancanta" a takardar zaɓe. Manyan alƙalan gasar NLNG ma sun yi haka a 2015, ba su ba kowa kyautar littafin yara ba.

Malamin Turanci, Bukur:
Baba, wannan gurbin ina tsoronsa. 'Yan ajina duk can za su dangwala don su huta da karatu.

Tsohon hedimasta, Gangare:
To shi ma sai da kati, Malam. Ya kawo shafin da ya sa bai cancanta ba.

Malamar laburare, Angwan Rogo:
Allah ya saka da alheri. Zan fara da littafi biyar, uku Turanci biyu Hausa, cikin mako shida. Anti, katin nan naki kwali kika yanka ko takardar littafin rubutu ce? Kuma yaran suna tafiya da littafin gida? Ni ina jin tsoron ya dawo da tabon miyar kuka.