Abin da aka tattauna kan "break a leg"

Wata 'yar uwa ce ta kawo tambayar: za ta hau dandamali a makaranta, malaminta ya ce mata "break a leg", ranta ya ɓaci, ta ɗauka karayar ƙafa yake mata fata. Ga abin da na tsinto daga bayanan jama'a.

1. Kowa ya yarda fatan alheri ne, kamar mu ce "Allah ya ba da sa'a". 'Yan wasan kwaikwayo na Amurka da Ingila ne suka saba faɗinsa kafin a ɗaga labule, don suna camfin cewa faɗin fatan sa'a kai tsaye yana jawo akasi.

2. Kan asalinsa an rabu. Wasu sun danganta shi da wata magana ta Jamusawa mai ma'anar karyewar wuya da ƙafa, wasu suka ce hasashe ne kawai.

3. An fi jan zance kan inda ya dace. Masu rinjaye sun ce a bar shi ga abokai, lokacin wasa, waƙa ko jawabi. Kada a faɗa wa mai shirin tafiya ko mara lafiya. Ni ma nan na tsaya, kuma ba zan faɗa wa dattijo ba.

4. Amsarsa godiya ce kawai.