Wane suna za mu ba "ancient astronauts" da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu fassara, ku matso mu daddale wannan. Akwai ra'ayin da ke cewa wai wasu halittu daga wata duniyar sun sauko a zamanin da, su suka koya wa mutane gini da lissafin taurari. Wani ɗan Suwizalan, Erich von Däniken, shi ya baza shi da littafinsa na 1968. Har yau kowa da irin sunan da yake ba shi.

2/ Na ga ana rubuta "tsofaffin 'yan sama-jannati". Bai zauna ba. Tsohon gwamna shi ne wanda ya sauka daga kujera, don haka mai karatu zai zaci ana maganar su Neil Armstrong bayan sun yi ritaya. Kuma ɗan sama-jannati daga ƙasa yake tashi ya hau. Waɗannan kuwa saukowa aka ce sun yi. Aljanu ma kada mu jawo su, kalma ce ta imani mai gurbinta.

3/ Shawarata: "baƙon sama". Da tilo nake so, domin in aka rubuta "baƙin sama" wani zai karanta shi kamar baƙin hadari.

4/ Inda na fi damuwa shi ne kalmar da za ta zo gabansa. Wasu na cewa "ƙa'ida", wasu "nazariyya". Dukansu sun ɗora masa rawanin da bai kai ba. Ku dubi babbar dalar Giza ta Fir'auna Khufu, mai tsayin kusan mita 146 lokacin da aka gama ta. A 2013, a Wadi al-Jarf da ke bakin Bahar Maliya, ayarin Bafaranshen nan Pierre Tallet ya tono rubuce-rubucen wani jami'i mai suna Merer. Kusan shekara 4,500 ke nan, mutumin na rubuta aikinsu kullum: sun loda farin dutse a Tura, wurin fasa dutse a ƙetaren Kogin Nilu, sun bi ruwa da kwalekwale, sun sauke a Giza, sun koma. Kusa da dalar kuma an gano garin ma'aikatan da gidajen gasa burodinsu da kaburburansu. Mutane ne suka yi gumin nan, wani ma ga sunansa. Raina yakan ɓaci in na ji an ƙwace musu aikin an miƙa wa baƙo, kuma kusan kullum ginin Masar ne ko Peru ko Meziko ake yi wa haka.

5/ Gaskiya ne akwai giɓi. Masana na jayayya kan fasalin gangaren da aka bi aka hau da duwatsun, da kuma manufar manyan zanen Nazca a hamadar Peru. To amma "ba a gano ba tukuna" magana ce cikakkiya. Mai cewa "tunda ba a sani ba, baƙo ne ya yi" ya tsallake daga rashin sani ya faɗa kan da'awa ba tare da ya riƙo ko guntun ƙarfe ɗaya na jirgin baƙon ba.

6/ Saboda haka na tsaya a kan "hasashen baƙon sama". Na so in ce "shaci-faɗi", sai na ga hukunci ne, mai fassara kuwa suna ake nema daga gare shi. In jimla ta buƙaci lokaci, a ƙara "na zamanin da". Malamanmu na harshe, "hasashe" ya ɗauki nauyin, ko "zato" ya fi?