Layukan fitilun motoci suna fita a karkace kuma sun ƙone fari, ina matsalar take?

Sabon-hannu:
Assalamu alaikum. Ina son hoton nan na dare da ake ɗauka daga kan gadar sama, fitilun motoci su zama dogayen layuka ja da fari. Kyamarata Canon ce, lens 18-55. Na sa ta a M (inda mutum ke saita komai da kansa), buɗewar sakan 30, ƙofar lens f/5.6, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 800, na ɗora a kan ƙarfen gada. Titi ya fito fari fat, layukan suna rawa kamar rubutun yaro, gine-gine kuma dishi-dishi. Masana, a taimaka.

Mai Ƙafa Uku:
Wa alaikumus salam. Malam, haske ka bari ya yi maka ambaliya. Mayar da ISO 100, ka tsuke ƙofar lens zuwa f/11, ka fara da sakan 10. Daga 800 zuwa 100 kaɗai ka rage hasken sau takwas, daga f/5.6 zuwa f/11 kuma sau huɗu. In ya yi duhu, lokaci za ka ƙara, ISO kada ka taɓa shi. Lissafin ba wuya: abin da sakan 8 ya ba ka a f/8, shi sakan 15 zai ba ka a f/11, shi ne kuma sakan 30 a f/16.

Rawar layukan daga ƙarfen gadar take. Duk tirelar da ta wuce sai gada ta girgiza, ƙarfen gefe kuwa ya fi ko'ina ɗaukar girgizar. Nemi sandar kyamara mai ƙafa uku, kada ka zaro wuyanta na tsakiya, kada kuma ƙafarta ta taɓa ƙarfen. Tsaya saitin ginshiƙin gada, can ne motsi ya fi ƙanƙanta. Kashe maɓallin IS (mai rage rawar hannu) da ke jikin lens, domin in kyamara na zaune daram shi da kansa yake jawo ɗan motsi. Sai ka sa jinkirin sakan 2, yadda yatsanka zai bar kyamara kafin ta buɗe. Igiyar wuya ma naɗe ta, iska na kaɗa ta.

Hajiyar Studiyo:
Ƙari a kan bayanin Malam: dishi-dishin gine-ginen fokas ne. Cikin duhu kyamara lalube take yi. Kunna allon baya, ka zuƙo wata fitilar titi mai ɗan nisa sau goma, ka mayar da lens MF (fokas da hannu), ka juya zoben har fitilar ta zama ɗan ɗigo ƙarami, sannan ka cire hannunka. Kada ka murɗa zoben har ƙarshe da sunan nesa, yawancin lens suna zarce wurin.

Ni a ganina lokacin fita ya fi duk saitin nan muhimmanci. Hoton ƙarfe goma na dare sama baƙi ƙirin ne, ba ya da daɗin kallo. Kafa kayanka tun kafin magariba. Kamar minti 15 bayan faɗuwar rana sama takan yi shuɗi mai zurfi, fitilu sun kunnu, gine-gine ba su ɓace ba. A ƙasashenmu wannan ɗan lokaci gajere ne ƙwarai, kafin ka ankara ya wuce, kuma hasken na raguwa minti bayan minti, don haka duk hoto biyu ka duba ka ƙara sakan. Ɗauka a RAW (ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba), saboda tsofaffin fitilun titi ruwan lemo ne, sababbi farare, sai a kwamfuta ake sasanta launinsu. In akwai gilashin kariya a gaban lens, kwance shi, shi ke haifar da korayen ɗigo a sararin sama. Lokacin hazo kuwa kowace fitila sai ta yi rawani, gara bayan an ɗauke ruwan sama, kwalta na sheƙi.

Sabon-hannu:
Allah ya saka da alheri. To tsawon layin fa, me ke sa wani ya yanke a tsakiyar hoto?

Mai Ƙafa Uku:
Gudun mota ne da tsawon buɗewa. Motar da ke kilomita 40 a awa tana cin kusan mita 11 a sakan ɗaya, wato sakan 10 layin mita 110 ke nan. In titin da ke cikin hotonka ya fi haka, dole layi ya yanke. Shi ya sa cunkoso ba ya ba da komai sai dunƙulen haske. Jira danja ta saki motoci, ka danna daidai tasowarsu. Ko ka koma Bulb (saitin da kai ke buɗewa da rufewa) da rimot, ka buɗe sa'ad da mota ta shigo, ka rufe bayan ta fita.

Fitilar gaba ta fi ta baya ƙarfi nesa ba kusa ba, ita ke ƙona hoto. Tunda dama muke bi a Najeriya, hannun damanka ne ja, hagu fari. Ka ba wa jajayen layukan fili mafi yawa a hoton. In ka ga layi ya fito ɗigo-ɗigo, ba laifin kyamara ba ne, fitilar LED ce ko sigina mai ƙyaftawa. Titi in motocinsa kaɗan ne, ɗauki hoto biyar ko shida ba tare da motsa kyamara ba, ka jera su a Photoshop, ka sa kowane a Lighten (saitin haɗa hotuna mai fito da wurin da ya fi haske), layukan duk su taru wuri guda.